Layi Goma Sha Ɗaya

Litinin, 3 ga wata, 2:40 na rana

An riƙe sakamakona. Na je ofishin sashen Adabi in karɓi makina, sakatariya ta miƙo mini ambulan, ko ɗago kai ba ta yi ba. Kwamitin ladabtarwa yana son ganina ranar Alhamis, ashirin ga wata. Laifin da ake zargina da shi satar rubutu ne. Ni, a shekarar ƙarshe, saura wata biyu in gama.

Bari in rubuta abin da takardar ta ce yadda yake, kafin haushi ya canza mini shi. Gajeren labarin da na miƙa a sashen Adabin Turanci, wanda Dakta ta ba ni makin da ya fi na kowa a aji, yana da layi goma sha ɗaya da suka fito kalma da kalma a cikin wani rahoto da aka miƙa a sashen Walwalar Jama'a. Malamin da suka gayyato daga wata jami'a ya duba takardu shi ya gano, don mu masu haɗa kwas biyu shi kaɗai yake karanta aikinmu ta ɓangarorin biyu.

Ba su rubuta sunan mai rahoton ba. Ba sai sun rubuta ba. Taku uku ne tsakanin gadona da nata.

Litinin, 6:15 na yamma

Doguwa ta shigo da tata ambulan, ta ajiye ta kusa da tawa a kan tebur kamar wani abu muka sayo iri ɗaya a kasuwa.

Ta ce, "Kin gani?"

Na ce na gani.

"To daina kallona haka, ƙawata. Zauna mu yi tunani."

"Mu?"

Wata uku da suka wuce na ba ta kwamfutata ta duba mini kurakurai, don ta fi ni ido a kan waƙafi da aya. Ta karanta labarin, ta ce ya sa ta kuka. Ashe tana kukan tana kwafa. Rahotonta a kan rayuwar marasa lafiya ne bayan an sallame su daga asibiti, kuma dole sai ta zanta da mutum ɗaya. Ta ƙwanƙwasa ƙofa biyu, aka rufe mata, sai ta ɗauko mutumin da ke cikin labarina ta sa wa maganarsa alamar zance, ta ce wani ne ta yi hira da shi.

"Lokaci ne ya ƙure mini," in ji ta. "Wa ya san mutum ɗaya zai karanta duka biyun?"

Wato satar ba ta dame ta ba, mai karatun ne ya dame ta.

Labarin nawa ne. Ni na zauna na rubuta shi.

Talata, 4 ga wata, 1:00 na rana

Mu bakwai ne muke wannan haɗin gambizar, Adabin Turanci da Walwalar Jama'a, kuma ba sashen da ya ɗauke mu nasa. A Adabi suna ce mana ma'aikatan jin ƙai, a Walwala suna ce mana mawaƙa. Minti goma ne tafiya tsakanin gine-ginen biyu, jadawali kuma ya ba mu minti biyar. Shekara uku da rabi ni da Doguwa muna wannan gudun tare, ita a gaba saboda ƙafafunta, ta kama mini kujera. Ka shiga wurin Farfesa kana haki ya ce mutum ɗaya ba hujja ba ne, a kawo masa dubu. Ka koma wurin Dakta ta ce ita ba ta san dubu ba, a nuna mata fuskar mutum ɗaya. Sashen Walwala ma, ban taɓa ganin wanda ya walwala a cikinsa ba.

Yau na yi gudun ni kaɗai. Ta kama mini kujera kamar kullum. Na wuce ta na zauna a baya.

Lokacin da na cike takardar shiga jami'a Yaya yana can, a asibitin ƙwaƙwalwa. Na ce zan koyi yadda ake gyara irin wuraren nan, in kuma koyi yadda ake ba da labarinsu. Yarinyar da ta yi wannan tunanin dariya take ba ni yanzu.

Laraba, 5 ga wata, 7:05 na safe

Da bokitina ta yi wanka. Har yanzu.

Alhamis, 6 ga wata, 4:30 na yamma

Dakta ta kira ni ofishinta. Ta kwashe littattafai daga kan kujera ta ce in zauna, ta ce kar in damu, ta san muryar ɗalibanta. Kwanan watan da ke kan fayil ɗina ya riga rahoton Doguwa da mako biyar, wannan kaɗai ya isa.

"Amma ki kawo duk abin da kike da shi. Rubutun farko, na hannu, ko a bayan takarda ne."

Na ce a kwamfuta na fara.

Ta cire gilashinta. "Tun da na karanta nake son in tambaye ki. Daga ina muryar nan ta zo miki? Mutumin da ke ƙirga takun nas daga ƙofa zuwa gadonsa. Yarinya mai shekarunki ba ta cika jin irin wannan ba."

Na ce daga kaina.

Ta yi murmushi, ta ce shi ya sa take koyarwa, don irin wannan ranar. Ta tuna mini na sa hannu a takardar da ke cewa kowace kalma tawa ce, in tsaya a kan haka kawai a gaban kwamiti.

Kirkinta ya ba ni haushi. Da ta yi mini tsawa da na fi samun sauƙi. Wa ya ce ta yarda da ni haka, ba bincike?

Rubutun hannu akwai. Ba zan kawo shi ba.

Juma'a, 7 ga wata, 12:20 na rana

Kowa ya ji. A layin karɓar littafi a laburare wata ƴar ajinmu ta dafa kafaɗata ta ce Allah ya bayyana gaskiya. Na ce ta cire hannunta, Allah yana ji ba sai ta taɓa ni ba.

Asabar, 8 ga wata, 5:50 na yamma

Na zo gida. Ban gaya musu komai ba.

Na tarar da Yaya a ƙofar gida yana wanke motar makaranta, ya naɗe ƙafar wando, yana ciro bawon alewa daga ƙarƙashin kujerun yara. Shekara biyu ke nan yana kai su yana dawo da su, ya san wanda ke amai in an taka birki da wanda ke barci a kujerar baya.

"Auta, an kusa zama manya," ya ce. "In kin gama, Turancin za ki ci ko walwalar?"

Na ce ya bar ni, na gaji.

"To riƙe mini tiyo, gajiyar ta fita."

Na riƙe. Ya yi ta ba ni labarin wata ƴar aji biyu da ta ce shi za ta ɗauka aiki in ta sayi jirgi. Ya yi ƙiba kaɗan. Yana dariya da dukkan fuskarsa yanzu, ba kamar shekarar da ya dawo ba. Da yamma ya haɗiye ƙwayarsa da shayi, Mama ta yi kamar tana gyara zaman kofuna, amma sai da ta ga maƙogwaronsa ya motsa ta juya.

Da ta shiga kicin na taka kujera na duba saman kabad ɗinta. Littafin yana nan inda na mayar da shi, a cikin akwatin tsofaffin labule.

Lahadi, 9 ga wata, 10:00 na safe

Turancin nawa ne. Wannan kam ba wanda zai musa.

Litinin, 10 ga wata, 6:40 na yamma

Farfesa ya ce wa Doguwa maganar mai sauƙi ce. In da gaske ta yi hira da mutum, ta kawo takardar amincewarsa mai sa hannu da lambar wayarsa kafin ranar kwamiti. In babu, ƙirƙirar hira ta fi satar rubutu muni, kora ce.

Ta faɗa mini tana zaune a bakin gado da takalmi a ƙafa. Na ce to sai ta je ta nemo shi, mutumin da ba ya duniya.

Ta ɗago ta dube ni. "Ba ya duniya?"

Na ci gaba da ninke kayana.

"Sau uku na je gidanku. Na ga ba ya zama sai yana fuskantar ƙofa. Na ga ba ya ɗaura bel, igiya yake sa wa wando. Mutumin labarinki ma ba ya ɗaura bel tun ranar da aka karɓe nasa a bakin ƙofa. Ni ba jaka ba ce, ƙawata. Tun shafi na biyu na gane shi."

Na ce in ta kuskura ta ambaci sunansa a gaban kowa, sai ta yi da-na-sanin ranar da aka haɗa mu ɗaki.

"Ban ce zan ambata ba. Cewa na yi ki daina yi mini kallon ɓarauniya kamar ke daga sama ya faɗo miki."

Na ja tebur zuwa tsakiyar ɗaki, na kwashe littattafanta daga kan nawa na zube mata su a gado. Ta bar su a nan.

Talata, 11 ga wata, 8:10 na safe

Tana tauna burodi da ƙarfi. Shekara uku ban lura ba.

Laraba, 12 ga wata, 3:15 na rana

Ban shiga lacca ba. Ina kan benen baya na laburare inda ba mai zuwa. Zan rubuta sau ɗaya, ba zan sake ba.

Littafin rubutu ne na ƴan makaranta, mai shuɗin bango. Wata nas ce ta ba shi a wata na uku, da guntun fensir, don biro ba a yarda da shi a can ba. Ya cika shi gaba da baya da harshenmu, da wannan rubutun nasa mai kwanciya gefe. Da ya dawo bayan wata takwas ya ba Mama ya ce ta ƙona. Mama ba ta iya ƙona takarda mai rubutu, sai ta ɓoye. Bara na ci karo da shi ina neman labule. Na karanta a tsaye a kan kujera har ƙafata ta mutu.

Sai Dakta ta ba mu aiki, ta ce a rubuta labari da muryar wanda ba zai iya fita daga ɗaki ba. Ƴan aji suka yi ta ƙirƙiro fursunoni da tsofaffin sarakuna. Ni na san inda muryar take. Kwana huɗu na yi ina juya shi zuwa Turanci. Na cire suna, na cire unguwa, na mai da shi tela. Na tsara, na rage, na ƙara. Aiki ne, ba wasa ba. Duk wanda ya ce juya magana ba aiki ba ne, ya zo ya gwada nemo Turancin abin da Yaya ya kira ƙarar makulli daga waje.

Doguwa kuwa me ta yi? Ta ɗauki layukan ta mai da masa shekarunsa na gaskiya, ta rubuta direba ne. Direba. Farfesa ya karanta wani yanki a gaban mutum tamanin a matsayin misalin hira mai kyau, ni ina sashen Adabi a ranar, ban ma sani ba sai jiya. Shugabar makarantar da yake wa aiki ba ta san inda ya yi wata takwas ɗin nan ba. Ba ta tambaya ba, bai faɗa ba. Uwa ɗaya ta ji, gobe ba yaro ko ɗaya a motar.

Ni na kare shi. Ita ta tona shi. Bambancinmu ke nan, kuma babba ne.

Babba ne.

Juma'a, 14 ga wata, 5:30 na yamma

Yau roƙo ta zo da shi. Ta durƙusa a gaban gadona, da duk tsawon nan nata, ta ce in yi wa Yaya magana. In ni na tambaye shi zai sa hannu, ba mai gani sai kwamiti, mutum biyar. Ta ce a danginsu ita ce ta farko da ta taka jami'a, babarta ta riga ta ɗinka kayan da za ta sa ranar yaye mu.

Na ce ta saka su ranar da za ta zo kwashe mata kaya.

Ta daɗe a durƙushe. Sannan ta ce, "Ba shi kike karewa ba. Tsoro kike ya san kin karanta."

Na sa abin jin sauti a kunne, ban kunna komai ba.

Lahadi, 16 ga wata, 11:30 na safe

Ban je gida ba. Na ce wa Mama karatu ya yi yawa. Yaya ya karɓi wayar ya ce in ci abinci, masu digiri biyu ma suna suma. Na ce digiri ɗaya ne, kwas ne biyu. Ya ce shi dai biyu yake faɗa wa mutane.

Litinin, 17 ga wata, 2:00 na rana

Ta fita waje ta yi waya, ta daɗe. Da ta dawo ba ta kalle ni ba. Can ta matse mata.

Talata, 18 ga wata, 4:10 na yamma

Ba ta zo laccar safe ba.

Mama ta kira yanzu. Ko gaisuwa ba ta bari na gama ba. "Auta, me ya faru da yayanki? Ya dawo daga aiki ya taka kujera ya sauko da akwatin labule. Ya ɗauki abin nan ya shiga ɗaki ya rufe. Ya tambaye ni wa ya taɓa shi. Na ce ba kowa. Ya ce, Mama, ke ma ba ki sani ba ke nan."

Na ce ban san komai ba, ina cikin aji.

Na kira shi. Tana shiga, ba ya ɗauka.

Sai yanzu na tuna tana da lambarsa, tun ranar da ya kwaso mana kaya farkon shekara.

Talata, 7:20 na yamma

Ina tsaye a tsakiyar ɗaki ta shigo. Ban san na ɗaga hannu ba sai da na ji zafinsa a tafina. Ba ta rama ba. Ta dafe kumatu, ta ajiye jaka, ta ciro takarda ta shimfiɗa a kan tebur.

Sa hannunsa ne, mai kwanciya gefe.

Ta ce jiya ta kira shi, yau ta same shi inda yake ajiye mota tsakanin kai yara da ɗauko su. Ta gaya masa komai, nata laifin da farko. Ta nuna masa layukan a wayarta. Ya karanta a hankali yana bi da yatsa, ya tsaya ya tambaye ta ma'anar kalma biyu. Da ya gama ya ce, "Auta ce ta rubuta wannan?" Ta ce eh. Ta zaci zai ce ta sauka daga motar. Sai ya ce tun da hira take so, ta kunna abin ɗaukar magana, a yi ta gaske. Awa biyu yana magana.

Na ce ƙarya take. Yaya ba ya maganar can da kowa, ko da Mama.

"Na tambaye shi me ya sa ya yarda," in ji ta. "Ya ce, ke ai kin tambaya."

Na zauna.

Ta nuna mini ƙasan takardar. Kwanan watan yau ya rubuta. Ta roƙe shi ya mayar da shi wata uku baya, ya ce shi ba ya sa hannu a ranar da ba ita ba ce. Ta ce to ba ta da amfani ke nan, takardar da za ta nuna hirar ta zo bayan rahoton. Ya ce wannan kuma ruwanta.

"Ba zan miƙa ba," ta ce. "Ba za ta cece ni ba, sunansa kawai za ta kai musu. Ki kwantar da hankalinki, kin ci."

Ta ninke ta huɗu ta tura mini. Shatin yatsuna yana kumatunta har yanzu. Ban ba ta haƙuri ba. Wa ya aike ta?

Laraba, 19 ga wata, 9:00 na safe

Sau tara. Ba ya ɗauka.

Laraba, 3:45 na rana

Gobe abin da zan yi kaɗan ne. In nuna kwanan watan fayil, in ce nawa ne, in tashi. Dakta ta ce minti goma ya isa. Na goge rigata.

Alhamis, 20 ga wata, 1:30 na rana

Dogon tebur, mutum biyar, robar ruwa a gaban kowa ban da mu. Dakta a wannan ƙarshen, Farfesa a wancan, kamar an raba su faɗa.

Doguwa aka fara tambaya. Ta miƙe ta ce lokacin da ta miƙa rahoton ba ta yi hira da kowa ba, daga labarina ta kwafa, ni ban sani ba. Shugaban kwamiti ya ce ta san abin da hakan ke nufi? Ta ce ta sani. Ya ce akwai abin da za ta ƙara? Ta ce babu. Ba ta kalli inda nake ba ko sau ɗaya. Ta zauna da hannuwanta a cinya, fuska a wanke, kamar wadda ta sauke kaya.

Shugaban ya juyo kaina ya ce tambaya ɗaya ce, don a cika takarda. Na tabbata kowace kalma a labarin tawa ce? Dakta har ta fara rufe fayil ɗinta.

Kar wani ya ce kirki ne ya kama ni. Ba kirki ba ne. Na dube ta ne a zaune a can, ɓarauniya, maƙaryaciya, mai wanka da bokitin mutane, na ga ita za ta fita daga ɗakin nan a matsayin mai gaskiya, ni in fita da maki. Na ji ba zan iya haɗiye wannan ba.

Na ce Turancin nawa ne, maganar ba tawa ba ce. Na ce daga littafin wani ɗan'uwana na juya, kuma bai ba ni izini ba.

Shugaban ya ce wane ɗan'uwa? Na ce wannan ba zan faɗa ba, ko za a kore ni.

Sai Dakta da Farfesa suka kaure. Ita ta ce juya magana ƙirƙira ce, rabin adabin duniya haka ya samu. Shi ya ce an ɗauki bayanin mara lafiya ba da saninsa ba, a sashensa wannan ba ya da suna mai daɗi. Ta ce ba sashensa aka miƙa ba. Ya ce ni ɗalibarsa ce, shi ya koya mini darasin neman izini a shekara ta biyu, na kuma ci. Kusan minti ashirin suna yi a kaina, ina zaune. Ba wanda ya tambaya ko mai littafin yana lafiya.

A bakin ƙofa Dakta ta tsaya ta ce, "Na tambaye ki a ofishina." Na ce eh, ta tambaya. Ta wuce.

Asabar, 22 ga wata, 10:15 na safe

Mama ta ce kar in zo wannan makon. Yana zuwa aiki, yana shan ƙwayarsa, yana cin abinci. Ba ya dai zama a falo. Ta ce ita ma laifinta ne da ba ta ƙona ba. Na ce ta daina kwasar laifin da ba nata ba, ya ishi masu shi.

Litinin, 24 ga wata, 12:50 na rana

Ambulan ta biyu. An soke makin labarin, zan sake kwas ɗin zango mai zuwa, ba za a yaye ni da ƴan ajinmu ba. Doguwa za ta maimaita shekara, ba a kore ta ba saboda ta amsa da bakinta.

Ta haɗa kayanta, za ta koma wurin ƴar'uwarta a cikin gari. Ta tsaya da akwati a bakin ƙofa ta ce hirar tana wayarta, awa biyu, in ina so ta tura mini. Na ce ba ni ya yi wa ba. Ta gyaɗa kai ta ce gaskiya ne.

Ta ce, "Sai wata rana, ƙawata." Har yanzu ina jin haushinta, kuma ban ga ranar dainawa ba.

Laraba, 26 ga wata, 6:05 na yamma

Saƙo daga Yaya. "Ki zo Asabar da safe. Ki zo da takardar duka." Shi ke nan.

Asabar, 29 ga wata, 4:20 na yamma

A cikin mota na same shi, a ƙofar gida. Yana kujerar direba, ya juyo gefe, littafin a kan cinyarsa. Ya nuna mini kujerar farko ta yara. Na zauna gwiwoyina suna taɓa haɓata.

Na fara cewa, "Yaya, don Allah…" Ya ɗaga hannu.

"Ba don wannan na kira ki ba. Turancina ba ya kai ni ko'ina, layi goma sha ɗaya ma sai da aka taimaka mini. Ki karanta mini, ki mayar da shi yadda zan ji. Kar ki tsallake komai."

Na fara. Ban taɓa jin abu mai wuya kamar mayar masa da maganarsa cikin bakinsa ba. Yana bi a littafin da yatsa. Wani wurin ya gyaɗa kai. Da na zo kan tela ya ce, "Ni ko maɓalli ban iya sawa ba," amma bai yi dariya ba. A shafi na biyu ya ce taku goma sha huɗu ne ba sha biyu ba, nas ɗin gajera ce. Na ce sha biyu ya fi daɗin faɗa da Turanci. Ya dube ni, na koma kan karatun.

A shafi na huɗu akwai sakin layin da mutumin ya tsaya a taga, ya hango mahaifiyarsa tana fita daga ƙofar asibiti bayan ziyara, ya jingina goshi da ƙarfe ya yi kuka. Dakta ta ja masa layi biyu da jan biro a gefe. Ina cikin karantawa na ga yatsansa ya tsaya. Ya juya shafi gaba, ya juya baya.

"Wannan ba ya nan."

Na ce ni na ƙara.

"Babu taga a ɗakin, Auta. Da akwai taga ai da ban ƙirga takun nas ba."

Na ce na ga kamar labarin yana bukatar wurin da mai karatu zai numfasa.

Ya rufe littafin, ya ɗora hannu a kan sitiyari, yana kallon titi. "Wata takwas ban yi kuka a can ba, ko sau ɗaya. In ka yi kuka ƙara maka allura ake yi. Ranar Talata na yi, a kujerar nan, bayan ƙawarki ta sauka, saura minti goma in ɗauko yara."

Mama ta leƙo daga ƙofa da faranti a hannu, ta gan mu, ta koma.

Akwai biro a cikin aljihun ƙofar motar, wanda yake cike takardar mai da shi. Na ɗauko, na ɗora shafin a gwiwata, na soke sakin layin tun daga taga har zuwa kukan, har da jan layin Dakta. Na nuna masa. Ya duba sosai, ya buɗe littafinsa ya mayar da yatsa inda ya tsaya.

Ya ce, "Ci gaba."

Na ci gaba.